Maƙoƙo da Sinadaran Homon: Abin da Bincike Ya Tabbatar da Abin da Ake Taƙaddama a Kai

Maƙoƙo, wato kumburin da ke fitowa a gaban wuya, yana cikin lalurorin da jama'a suka daɗe da sani amma suka fi ruɗewa a kan sanadinsu, domin wasu suna ɗora laifin a kan ruwan sha, wasu su ce gado ne, wasu kuma su danganta shi da jifa ko sammu. Tun da gishiri mai aidin ya shigo kasuwa kuma sai wata fahimta ta bazu, cewa duk mai maƙoƙo ƙarancin aidin ne ke damunsa, saboda haka ƙara gishiri a miya ya wadatar. Binciken da aka shafe fiye da shekara 200 ana yi a asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje ya nuna cewa kumburin alama ce da cututtuka da dama suke tarayya a kanta, kuma abin da ke warkar da ɗaya daga cikinsu yana iya tsananta wata.

Ma'anar muhimman kalmomi

Homon kalma ce ta aro da ke nufin sinadarin da wata gaɓa take haɗawa ta zuba shi kai tsaye cikin jini, jinin ya kai shi ga gaɓoɓi masu nisa, inda yake sa su ƙara aiki ko su rage. Masanin Ingila Ernest Starling ne ya fara amfani da sunan a 1905, bayan da shi da William Bayliss suka nuna a 1902 cewa hanji yana aika saƙo ta cikin jini zuwa fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, ko da an yanke jijiyoyin da ke kai saƙo.

Tayirod ita ce gaɓar da maƙoƙo yake kamawa. Tana da ɓari biyu, tana kwance a gaban maƙogwaro ƙasa da zakaran wuya, nauyinta a jikin babban mutum kimanin giram 15 zuwa 25 ne, kuma ba a ganinta idan tana lafiya. Manyan homon da take haɗawa biyu ne, waɗanda ake rubutawa a takardar gwaji da sunan T4 da T3, lambobin suna nuna yawan ƙwayoyin aidin da ke jikin kowane. Su ne ke daidaita saurin da jiki yake sarrafa abinci ya zama ƙarfi da ɗumi, da bugun zuciya, da motsin hanji, da ginuwar ƙwaƙwalwar ɗan tayi da jariri. Aidin kuwa sinadari ne da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, sai dai ya same shi a abinci. Asalinsa ɗaya da wanda ake shafawa a rauni, amma na rauni ba a shansa.

Tayirod ba ta cin gashin kanta. Wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, ita ke sa mata ido ta hanyar homon da ake kira TSH. Dangantakarsu kamar ta mai jaki da jakinsa ce: idan jakin ya yi nawa sai mai shi ya yawaita tsawa, idan ya zabura da gudu sai ya yi shiru. Shi ya sa hauhawar TSH a jini take nuna cewa tayirod ta gaza, faɗuwarsa kuma take nuna ta wuce kima, akasin yadda mafi yawan masu karɓar sakamako suke zato.

Yadda aka gano bakin zaren

A 1811 Bernard Courtois na Faransa ya gano aidin a cikin tokar ciyawar teku, kuma a 1820 likitan birnin Janeba, Jean-François Coindet, ya fara bai wa masu maƙoƙo shi, ya ga kumburin yana sacewa, amma bai daɗe ba ya lura cewa wasu marasa lafiyar suna kamuwa da bugun zuciya da rama da rawar jiki. Ke nan tun daga farko amfanin aidin da illar yawansa suka bayyana tare.

Aikin gaɓar kanta ya fito fili ne ta hanyar tiyata. Theodor Kocher na birnin Bern a Suwizalan ya ba da rahoto a 1883 cewa waɗanda ya cire wa tayirod gaba ɗaya sun koma masu kasala da kumburin fuska da nauyin tunani, abin da ya nuna cewa gaɓar tana samar da wani abu da jiki ba ya iya rabuwa da shi. An ba shi lambar Nobel a 1909. A 1891 George Murray na Ingila ya yi wa wata mata mai irin waɗannan alamomi allurar ruwan da aka tatso daga tayirod ɗin tunkiya, ta farfaɗo, ta ƙara shekara 28 a duniya tana kan maganin. Daga nan ɗakin gwaji ya karɓi aikin: Eugen Baumann na Jamus ya gano aidin a cikin gaɓar a 1895, Edward Kendall ya ware T4 a asibitin Mayo na Amurka a 1914, Charles Harington da George Barger suka haɗa shi a ɗakin gwaji a 1927, sannan Jack Gross da Rosalind Pitt-Rivers suka gano T3 a 1952.

Hujjar rigakafi ta zo ne daga garin Akron na jihar Ohayo, inda David Marine da Oliver Kimball suka fara gwaji a kan 'yan mata 'yan makaranta a 1917. Cikin 2,190 da suka sha aidin, 5 kaɗai tayirod ɗinsu ta ƙara girma, alhali cikin 2,305 da ba su sha ba, 495 ne hakan ta faru da su. A 1922 aka fara sa aidin a gishiri a Suwizalan, a 1924 kuma a jihar Mishigan. Wani gwajin da Peter Pharoah da Ian Buttfield da Basil Hetzel suka wallafa a 1971 daga tsaunukan Papua New Guinea ya ƙara wani abu mafi nauyi, domin ya nuna cewa yi wa mace allurar man aidin kafin ta ɗauki ciki yana hana haihuwar yaro mai tsumburewa da kurumta da naƙasar ƙwaƙwalwa, amma idan ciki ya riga ya yi nisa kariyar ba ta cika. Wannan ne ya sauya matsayin maƙoƙo daga batun munin wuya zuwa batun basirar yara.

Ƙarancin aidin da gishirin da aka inganta

Bukatar jiki ga aidin kaɗan ce ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikurogiram 150 a rana ga babban mutum, 250 ga mai ciki da mai shayarwa, 120 ga ɗan shekara 6 zuwa 12, da 90 ga ƙananan yara, kuma maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, ta yadda abin da mutum zai bukata a shekara 80 bai kai giram 5 ba. Wahalar ita ce mafi yawan aidin ɗin duniya yana cikin teku, ƙasar da ke nesa da teku ko kan tsaunuka kuwa ruwan sama da zaizaya sun wanke nata, don haka hatsi da ganye da nonon da aka samu a kanta su ma ba su da shi. Idan aidin ya yi ƙaranci sai T4 ya ragu, TSH ya matsa wa tayirod lamba, ita kuma ta yi ta girma domin ta tsinci ɗan abin da ke cikin jini. An daɗe da sanin yankunan duwatsu na tsakiyar Najeriya, irin su Filato da Binuwai da Kogi, da yawan wannan nau'in maƙoƙo.

Bayan taron ƙoli na duniya kan yara da aka yi a 1990, ƙasashe da yawa suka rungumi tsarin sa aidin a duk gishirin ci. Najeriya ta wajabta shi a 1993, kuma a 2005 ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta cika sharuɗɗan tsarin, abin da ya yi sauƙi saboda kamfanoni ƙalilan ne suke shigo da mafi yawan gishirin ƙasar suna sarrafa shi. Gwajin da jami'ai suke yi a kasuwa ba shi da wuya: ana zuba ɗan gishiri a farar takarda, a ɗiga masa ruwan gwaji mai sitaci, idan akwai aidin sai wurin ya rikiɗe zuwa shuɗi mai duhu nan take, idan babu ya zauna fari. Gishirin gargajiya, irin na Bilma da Fachi a Nijar ko na Keana da Awe a jihar Nasarawa, ba ya ɗauke da aidin da ya isa sai an ƙara masa, haka ma kanwa ba ta maye gurbin gishiri mai aidin. Aidin ɗin kuma yana raguwa idan gishiri ya daɗe a buɗe cikin rana ko damshi, kamar yadda ake baza shi a faranti ana sayarwa da gwangwani. Duk wannan ba izinin yawaita gishiri ba ne, domin ana iya daidaita aidin ɗin yadda abin da bai kai giram 5 a rana ba, wanda shi ne iyakar da aka shawarta saboda hawan jini, zai iya biyan bukata idan an sa shi daidai.

Rogo da gero

Akwai wuraren da maƙoƙo ya fi ƙarfin abin da ƙarancin aidin kaɗai zai iya bayyanawa, kuma wannan ya sa masu bincike suka juya ga abinci. A shekarun 1960 likitan Najeriya O. L. Ekpechi ya zargi rogo a yankin Nsukka, sannan binciken da aka yi a tsibirin Idjwi da yankin Ubangi na Kwango ya nuna hanyar: rogo mai ɗaci yana ɗauke da guba wadda jiki ke juyawa zuwa wani sinadari mai suna tayosayanet, shi kuma yana gogayya da aidin a ƙofar shiga tayirod. Jiƙa rogo na kwanaki, da barinsa ya yi tsami, da shanya shi ko soya shi ya zama gari, suna fitar da mafi yawan gubar.

Batun gero ya fi shafar ƙasar Hausa. Bincike a Darfur ta Sudan a shekarun 1980 ya lura cewa maƙoƙo ya fi yawa a ƙauyukan da gero ne kusan dukkan abincinsu, kuma gwajin da Eduardo Gaitan da abokan aikinsa suka yi a kan ɓeraye ya nuna cewa wasu sinadarai da suka fi taruwa a dusar gero suna rage aikin haɗa homon. Wasu masana suna ganin wannan hujja ce mai ƙarfi, wasu kuma suna cewa yawancinta daga dabbobi ta fito, ko daga al'ummomin da dama can aidin bai ishe su ba, don haka ba za a ware laifin gero shi kaɗai ba. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne tasirin irin waɗannan abinci yana bayyana ne musamman inda aidin ya yi ƙaranci, saboda haka babu dalilin guje wa fura ko tuwon gero ga wanda aidin ya wadace shi.

Maƙoƙon da ƙarin gishiri ba ya warkarwa

Nau'i na farko shi ne cutar Graves, wadda likitan Ailan Robert Graves ya siffanta a 1835. A 1956 Duncan Adams da Herbert Purves na New Zealand suka gano a jinin masu ita wani abu da ke zuga tayirod, wanda daga baya aka tabbatar sinadarin garkuwar jiki ne da ke kwaikwayon TSH. Mai wannan cuta yana ramewa duk da yawan ci, yana zufa da jin zafi, zuciyarsa tana bugawa da sauri, hannunsa yana rawa, barci yana ƙaurace masa, wani lokaci idanunsa su firfito. Shi ya sa ake ɗaukarta a matsayin ciwon zuciya, ko tarin fuka, ko taɓin hankali, ko shafar aljanu. Ana maganinta da ƙwayoyin rage aikin tayirod irin su kabimazol na wata 12 zuwa 18, ko da yake kusan rabin marasa lafiya cutar takan dawo musu, ko da tiyata, ko da aidin mai ƙarfin nukiliya, wanda Saul Hertz ya fara amfani da shi a Boston a 1941 kuma ba a bai wa mai ciki. Mai shan kabimazol da ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ana bukatar ya dakata ya je a auna jininsa, domin maganin yakan karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta a wasu 'yan tsiraru.

Na biyu shi ne cutar Hashimoto, wadda likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912, inda garkuwar jiki take afka wa tayirod tana lalata ta sannu a hankali. Alamominta kishiyar na farko ne: kasala, jin sanyi, ƙiba, bushewar fata, taurin bayan gida, zubewar gashi, rikicewar al'ada, wani lokaci jinkirin haihuwa ko ɓari. Maganinta ƙwayar T4 ce ta haɗi, mai suna lebotairoksin, da ake sha da ruwa kafin karin kumallo da rabin awa zuwa awa ɗaya, a kuma raba ta da maganin ƙarin jini ko na ƙarfin ƙashi da kimanin awa 4, saboda suna hana hanji tsotse ta. Cututtukan biyu sun fi kama mata da ninki biyar ko fiye, kuma sukan bi dangi, wanda shi ne gaskiyar da ke cikin maganar gado.

Na uku shi ne ƙullutu a cikin gaɓar. Mafi yawan ƙullutai ba su da haɗari, amma kimanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 ciwon daji ne, kuma alamomin da ke neman gaggawa sun haɗa da saurin girma, tauri, dishewar murya, da wahalar haɗiya ko numfashi. Tsaga ko sakiya a kan irin wannan kumburi ganganci ne, domin tayirod tana cikin gaɓoɓin da jini ya fi kwarara a cikinsu, kuma tana jingine da manyan jijiyoyin wuya.

Abin da gwaji yake nunawa

Likita yakan tsaya bayan maras lafiya, ya ɗora yatsunsa a gaban wuyan, ya ba shi ruwa ya kurɓa. Idan kumburin ya haura sama tare da haɗiya, galibi daga tayirod yake, domin tana manne da maƙogwaro, kaluluwa kuwa ba ta motsawa haka. Amma hannu ba ya gaya wa likita ko gaɓar ta gaza ne ko ta wuce kima, sai jini. Auna homon ya yiwu ne bayan da Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka ƙirƙiro a New York, a ƙarshen shekarun 1950, wata dabarar gano sinadarin da ke cikin jini komai ƙanƙantarsa, aikin da ya sa aka bai wa Yalow lambar Nobel a 1977. A yau TSH ake fara aunawa, kuma yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar kimanin 0.4 zuwa 4.0 a matsayin daidai, sannan a duba T4. Hoton sikanin yana nuna siffar ƙullutu, siririyar allura kuma tana zuƙo ƙwayoyin halitta a duba su a madubin likita. Sakamakon jini yana iya karkacewa a lokacin ciki, ko tsananin rashin lafiya, ko idan mutum yana shan bayotin mai yawa, wato bitamin da ake tallatawa domin gashi da farce, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2017.

Inda ra'ayin masana ya rabu

Saɓani na farko a kan yawan aidin ne. A tsakiyar shekarun 1990 an ga ƙaruwar masu tayirod mai wuce kima a Zimbabuwe da gabashin Kwango bayan shigar da gishiri mai aidin fiye da ƙima, galibi tsofaffi masu daɗaɗɗen maƙoƙo mai ƙullutai. Masu goyon bayan tsarin suna cewa illar ta ɗan lokaci ce kuma ba ta kai ribar ceton ƙwaƙwalwar yara ba, masu taka-tsantsan kuma suna cewa hakan gaskiya ne amma sai an riƙa auna aidin a fitsarin 'yan makaranta da masu ciki domin a daidaita adadin.

Na biyu a kan mutanen da TSH ɗinsu ya ɗan haura amma T4 yana daidai. Wani gwaji da aka wallafa a 2017 a kan mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasashen Turai ya nuna cewa waɗanda aka bai wa lebotairoksin ba su fi waɗanda aka bai wa ƙwayar da ba magani a cikinta samun sauƙin gajiya ko sauran alamomi ba. Wannan ya ƙarfafa masu cewa a sa ido a maimaita gwaji kafin a ɗora tsoho a kan maganin har abada, ko da yake mafi yawan masana suna ba da magani idan TSH ya wuce 10, ko idan mace tana da ciki ko tana neman haihuwa.

Na uku a kan neman cuta a jikin mai lafiya ne. A Koriya ta Kudu, inda sikanin wuya ya zama ruwan dare, yawan waɗanda aka ce suna da dajin tayirod a 2011 ya ninka na 1993 sau 15, amma yawan masu mutuwa da shi bai canza ba, abin da ke nuna an yi wa dubban mutane tiyata a kan ƙananan ƙullutan da ba za su taɓa cutar da su ba. A Afirka ta Yamma matsalar ta fi karkata ga jinkirin zuwa asibiti, amma darasin yana da amfani yanzu da na'urar sikanin take yaɗuwa a asibitoci masu zaman kansu.

Abin da ke gaba

Yayin da gishiri mai aidin yake rage maƙoƙon ƙaranci, kason da cututtukan garkuwar jiki da ƙullutai suke ɗauka cikin masu zuwa asibiti zai ƙaru, kuma waɗannan suna bukatar ɗakin gwaji mai inganci, da magani na tsawon lokaci, da ƙwararrun likitocin homon, abubuwan da suka fi taruwa a manyan asibitocin koyarwa. Nasarar gishirin ita ma tana iya komawa baya idan sa ido ya yi sanyi, saboda ƙasar noma ba ta samu aidin ba, gishirin ne kawai yake cike giɓin kowace rana. Babban giɓin da ya rage shi ne na jarirai: kimanin ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ana haihuwarsa da tayirod da ba ta aiki ko da uwar ta samu isasshen aidin, ba ya nuna alama a makonnin farko, kuma ɗigon jini daga diddigensa ya isa a gano shi, kamar yadda aka fara a lardin Kebek na Kanada a farkon shekarun 1970. Idan aka fara magani cikin mako biyu na farko yaron yakan tashi da cikakkiyar basira, idan aka makara kuwa naƙasar ba ta gyaruwa. Saboda haka matakan da hujja ta fi goyon baya su ne tabbatar da aidin a gishirin gida, musamman ga mace tun kafin ta ɗauki ciki, da auna jinin duk mai kumburin wuya kafin a ba shi kowane irin magani, da shigar da gwajin jarirai cikin aikin ɗakunan haihuwa.